Minti Biyu na Malam Uwaisu

Tompkinsville, Staten Island
Talata, 8 ga Afrilu, 2025

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Tahiratu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da jikoki a Soundview. Yau Talata, kwana tara da Ƙaramar Salla. Jiki da sauƙi, sai dai ƙafar hagu ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, numfashi kuma yana yanke mini tun a matakala ta shida. Likita ya ƙara mini ƙwaya ɗaya, sun zama bakwai. Na ga kiranki sau uku ranar Lahadi. Kin san kunnena, in na ɗauki waya sai in ji kamar kina magana daga cikin rijiya. Shi ya sa na koma ga alƙalami, shi bai taɓa ce mini in maimaita ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kin san gidan nan mai hawa biyu da masallacinmu ya kama a bayan tashar bas, inda Liman Mutaru yake sauke baƙi sabbin zuwa. Yanzu mutum talatin da ɗaya ne a ciki, 'yan Nijar da Gini da Gana da Muritaniya, har da mata biyu masu goyo. Takardar izinin gidan ta ƙare. Kwamitin unguwa zai zauna ranar 29 ga wata ya yi ƙuri'a, in suka ce a'a, rufe gidan za a yi, mutanen su koma kwana a tasha.

Wanda yake jagorantar masu neman a rufe, ɗanki ne.

Jiya aka turo takarda ta ƙarƙashin ƙofata, da hotonsa cikin kwat, yana neman kujerar kansila. Ga abin da aka buga da manyan haruffa, na juya miki shi zuwa Hausa: "Mahaifina ya shigo ƙasar nan ta ƙofa, ya bi layi, ya jira. Waɗannan ta katanga suka hauro." A ƙasa kuma an ce in ba a tare su yanzu ba, nan da shekara goma 'yan unguwa za su zama baƙi a unguwarsu.

Hajiya, na taɓa jin maganar nan. A watan Afrilu na 1968 ina ɗalibi a Ingila, a garin Wolverhampton, ina koyon aikin injin jirgin ƙasa. Wani ɗan majalisa na jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ya yi jawabi a Birmingham, ya ce yana hango kogi cike da jini in ba a daina shigo da irinmu ba. Ba jahili ba ne, mutum ne mai karatu, Turancinsa kamar a rubuce yake fitowa. Washegari jam'iyyarsa ta sauke shi daga muƙaminsa, amma maganar ba wanda ya iya sauke ta. Bayan kwana uku na dawo daga makaranta na tarar da akwatina a bakin ƙofa, cikin yayyafi. Matar da nake haya a gidanta, wadda ta yi shekara biyu tana dafa mini ƙwai kowace safiya, ta leƙo ta taga ta ce ita ba ta da komai da ni, maƙwabta ne.

Mutumin nan ya mutu tuntuni. Maganarsa ta haye teku, ta sake tufafi, ga ta yau a bakin wanda na haifa.

Abin da ya fi hana ni sukuni shi ne, kin san ban bi wani layi ba. Da bizar ziyara ta wata shida na shigo a 1974, na zarce. Shekara goma sha biyu ina kabu-kabu a filin jirgin sama na JFK, gabana yana faɗuwa duk sanda na ga mai kaki, har aka yi wa baƙi marasa takarda afuwa a 1986 na sami takarda. Shi bai sani ba. Ni na hana yayarki Hasiya, Allah Ya ji ƙanta, ta gaya masa.

Ban san abin yi ba. Ki gaishe mini da mutanen gida. Allah Ya bar zumunci.

Yayanki,
Uwaisu Ringim

Soundview, Bronx
Asabar, 12 ga Afrilu

Malam mijin yaya,

Wa alaikumus salam. Ya jiki? Allah Ya ƙara sauƙi. Wasiƙarka ta iso, sai da na sa tabarau biyu kafin na karanta wannan rubutun naka na zamanin Turawa mai lanƙwashe-lanƙwashe.

Ɗanki, ɗanki. Ni na haife shi? Sunansa Abubakar Sadiƙ. Ga shi na rubuta, takarda ba ta kama da wuta ba.

Na sani, ɗan fari ne, kuma sunan mahaifinka aka sa masa, kunya biyu ke nan. A Ringim kowa ya san uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya kallon idonsa, ba ya zaman hira da shi, kuma kowa ya san ba ƙiyayya ba ce. To a Staten Island wa zai fassara masa? Yana ɗan shekara tara ya same ni a kicin ɗinku ya ce mini da Turanci, "Anti, me ya sa Baba yake kiran ƙanwata Sharifa da sunanta, ni kuwa sai 'kai'?" Na ce masa girmamawa ce. Ya ce karen maƙwabta ma ana kiran sunansa. Ban gaya maka ba a lokacin. Yau yana da shekara arba'in da tara, ga shi na gaya maka.

Kuma wa ya hana shi yin Hausa a waje? Wa ya ce kada ya yi wasa da yaran sabbin zuwa don kada a haɗa shi da su? Wa yake goge masa takalmi kowace safiya yana cewa sai ka fi su zama ɗan ƙasa kafin su ƙyale ka? Akwatin nan da aka ajiye maka cikin ruwa, Malam, yaron ka ɗora wa. Kada ka yi mamaki don ya kai shi inda ya kai shi.

Kai kaɗai aka taɓa kora? A 1969 ina da shekara goma gwamnatin Gana ta ba baƙi mako biyu su fita. Mu a zangon Kumasi aka haife mu. Aka loda mu a babbar mota, ni a cinyar Yaya Hasiya, da tukunya ɗaya da buhun gari. A Legas wani mutum da ba mu taɓa gani ba ya buɗe mana bayan shagonsa muka yi wata biyu. Har yau ban san sunansa na gaskiya ba, Baba Mai Kwano muke ce masa. Saboda haka kada ka ce mini ba ka san abin yi ba. Ka kira yaron, ka zaunar da shi, ka gaya masa gaskiya kafin ranar 29.

Ka riƙa ɗora ƙafar a kan matashi, ka rage gishiri. Sai na ji daga gare ka.

Ƙanwarka da ba ta tsoronka,
Tahiratu

Tompkinsville
Litinin, 21 ga Afrilu

Hajiya Tahiratu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Yau Litinin, kumburin ya ɗan sauka, amma jiri ya kama ni bayan asuba har sai da na zauna a bakin gado. Maganar karen nan ba ta bar ni ba tun da na karanta ta.

Na aika masa, kuma ya zo jiya bayan azahar, da ledar lemo a hannu. Ya zauna a kujerar yayarki. Kamar yadda muka saba, ni ina Hausa, shi yana amsawa da Turanci.

Na ce, "Akwai magana."

Ya ce, "Ina ji, Baba."

Na ɗaga kai na dube shi. Hajiya, furfura ta fara fito masa a gefen kunne, daidai inda ta fara fito wa mahaifina. Na mayar da idona ƙasa na ce, "Hitar nan tana yoyo."

Ya tuɓe kwat, ya durƙusa gaban na'urar ɗumama ɗakin, ya yi rabin awa yana ɗaure ta. Ya iya aikin, ban san inda ya koya ba. Da ya wanke hannu ya tsaya a bakin ƙofa yana juya makullin mota, sannan ya ce yana da roƙo. Yana so in zo taron ranar 29, in zauna a layin gaba, in sa farar babbar rigar nan ta Salla. Ba sai na ce komai ba, zai turo mota ta ɗauke ni. Ya ce, "Ina so su ga irin baƙon da ƙasar nan take so."

Rabon da ya roƙe ni wani abu tun yana ɗan shekara goma sha biyu, keke ne, kuma ban saya ba. Na ce, "To."

Ki zage ni, na cancanta.

Da yamma Liman Mutaru ya leƙo duba ni. Ya ce wasu a gidan sun fara ɗaure kayansu, mai jegon nan 'yar Gini ta daina cin abinci. Na tambaye shi yadda ake yi in mutum yana so ya yi magana a irin wannan taro. Ya ce akwai takarda a bakin ƙofa, ka rubuta sunanka, in an zo kanka a ba ka minti biyu. Tambaya kawai na yi.

Allah Ya sa mu dace.

Yayanki,
Uwaisu

Soundview
Alhamis, 24 ga Afrilu

Malam,

Salamu alaikum. Zagi ba zai yi maka komai ba, fatarka ta yi kauri.

Na so in zo, amma tsohuwar da nake kula da ita an sallamo ta daga asibiti, Talata kuma ba mai canjina. Daga nan zuwa wajenku jirgin ƙasa ne da jirgin ruwa da bas, ba zan iso ba sai an tashi.

Tambaya kawai ka yi, na ji. To ka sa sabon batir a na'urar kunnenka, kada a kira ka kana kallon silin. Ka ci abinci kafin ka fita. In kuwa ka je ka zauna a layin gaba shiru kamar kayan ado a shago, ka adana kan sarkin wasiƙarka, kada ka sake rubuto mini.

Allah Ya ba ka ƙarfin gwiwa, ta dama da ta hagun.

Tahiratu

Tompkinsville
Laraba, 30 ga Afrilu

Zuwa ga Hajiya Tahiratu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yau Laraba. Ƙafa tana nan yadda take, amma ban tuna da ita ba sai yanzu da na zo rubuta lafiyata. Na ci tuwon da ya kwana biyu a firij har na nemi ƙari. Ki gyara zama.

Motar ta zo ƙarfe shida. A ɗakin taro na wata makaranta aka yi, mutane sun kai ɗari biyu. Masu allunan "a rufe" sun cika kujeru, Liman da mutanen gidan suna tsaye jikin bango a baya. 'Yan kwamiti ashirin da tara suna kan dogon tebur, ɗanki a cikinsu. Da muka shiga na ce wa direban in ɗan huta a bakin ƙofa. Na jingina da teburin nan, na rubuta sunana. Ni ne na goma sha huɗu.

Shi ya fara magana, kuma ya iya magana, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Ya nuna ni da hannu, ya ce ga mutumin da ya bi layi. Aka tafa mini. Wata mata ta juyo ta riƙe hannuna tana cewa Allah Ya yi mini albarka. Na zauna cikin farar rigata na sunkuyar da kai.

Mutum goma sha uku suka yi magana, goma a cikinsu kalmomi iri ɗaya: ambaliya, mamaya, unguwarmu. In na rufe ido sai in rantse a Wolverhampton nake. Sai aka kira ni. Daga kujerata zuwa makirifo taku goma sha ɗaya ne, na ƙirga su da sanda.

Shugabar kwamitin ta ce, "Ƙa'ida ce, duk mai dangantaka da ɗan kwamiti sai ya faɗa."

Na ce, "Ɗana yana kan teburin nan."

Ta ce, "Faɗi sunansa, don a rubuta."

Turawan ba su ga komai ba, jira kawai suke. Amma daga bayan ɗakin na ji wata mata ta ce, "Subhanallahi." Liman Mutaru ya ɗaga murya da Hausa ya ce, "Malam, bari in faɗa a madadinka!" Na ɗaga masa hannu ya dakata. Na juya na dubi yaron, ido cikin ido, na faɗa. Duka biyun, a cike, kamar yadda aka raɗa masa ranar suna. Lasifika ta ɗauka ta kai shi kowace kusurwa. Ba zan rubuta miki shi a nan ba, baki ya yi sau ɗaya, hannu bai koya ba tukuna.

Daga nan sauran ya zo da sauƙi. Na yi musu Turancin da aka koya mana da bulala. Na ce, "Kun tafa mini bisa kuskure. Ban bi layi ba. Bizar wata shida aka ba ni, na yi shekara goma sha biyu ina ɓuya. Wanda ya sa hannu a dokar da ta yafe mini, shugaban ƙasa ne daga jam'iyyar da yawancinku kuke zaɓa. Abin da aka buga a takardar nan ba ƙaryar ɗana ba ce, tawa ce. Ban taɓa zama da shi na gaya masa ba."

Agogon ya yi ƙara, minti biyu sun cika. Wani ƙato a layi na uku ya yi ihu, "Lokaci ya ƙare, tsoho!" Sai wata dattijuwa 'yar kwamiti, jinin Italiya ce, ta buga tebur ta ce, "Rufe mana baki, Allah Ya sa ka kai shekarunsa. Ubana ma daga jirgin ruwan kaya ya sulale a Brooklyn. A bar mutumin ya gama." Dariya ta ɓarke, shugabar ta yi kamar ba ta ga agogon ba.

Na ba su labarin akwatina. Na ce, "Shekara hamsin da bakwai da suka wuce aka ce za a ga kogin jini saboda irina. Na tsufa ina jiran kogin nan, ban gan shi ba. Abin da na gani shi ne, na yi shekara talatin da takwas ina ɗauko iyayenku daga filin jirgi ina kai su gida lafiya. Da an kore ni a 1975, da kujerar can ta ɗana babu kowa a kanta. Waɗancan da ke jikin bango, ni ne. Bambancinmu shekaru ne da furfura."

Na rasa abin da zan ƙara, sai na ce na gode.

Aka yi ƙuri'a da ɗaga hannu. Goma sha bakwai a bar gidan, goma sha ɗaya a rufe. Mutum ɗaya bai ɗaga hannu ko sau ɗaya ba, ya zauna yana kallon takardar gabansa. Kin san ko wane ne.

Hajiya, da kin ga bayan ɗakin nan! Mata suna guɗa, Liman yana cewa a yi a hankali, shi ma hularsa ta faɗi. Da aka tashi, maza huɗu daga gidan suka ɗaga ni da kujerar gaba ɗaya suka sauko da ni matakala. Ina cewa ku sauke ni, ni ba amarya ba ce, ba wanda ya saurare ni. Tun da na sauka a ƙasar nan kaina a sunkuye yake, jiya kuwa daga sama nake kallon 'yan sandan da ke bakin ƙofa, ɗaya har ya matsa mana muka wuce.

Shi ta ƙofar gefe ya fita. Amma motar tana nan tana jirana, bai janye ta ba.

Alhamdu lillahi. Yanzu zan iya rubuto miki, ko?

Yayanki,
Uwaisu Ringim

Soundview
Juma'a, 2 ga Mayu

Malam mijin yaya, mai farar riga,

Wa alaikumus salam. Kafin wasiƙarka ta iso na riga na gan ka sau goma. Wani ya ɗauki bidiyo, yana ta yawo a waya. An turo mini daga Kumasi, an turo daga Agadas, matan ƙungiyarmu har sun fara tambaya ko kana neman aure. Na ce musu ƙwaya bakwai kake sha. Na yi kuka a ɗakin tsohuwata har ta tambaye ni wa ya mutu, na ce ba kowa, wani ne ya tashi.

Jiya Sadiƙ ya kira ni. Ya tambaya ko abin da ka faɗa gaskiya ne, na ce gaskiya ne, ni na riƙe wa uwarka fom ɗin afuwar. Ya yi faɗa sosai. Ya ce ka kunyata shi a gaban jama'a, wasu manyan da ke bayansa sun daina ɗaukar wayarsa, ya ce ranar da ya durƙusa a gaban hitarka me ya hana ka faɗa. Na bar shi ya zazzage. A nan kam yana da gaskiya, kai ma ka sani.

Can sai ya sauke murya, ya juya Hausa, wannan Hausar tasa mai ɗingishi. Ya ce, "Anti, da gaske bai taɓa faɗar sunana ba? Ko a bayan idona?" Na ce ko a gaban uwarka. Ya ce, "Ashe haka yake faɗarsa."

Ya ce zai zo wajenka ranar Lahadi bayan azahar. Ban yi maka alkawari ba, abin da ya ce na faɗa. In ya zo, don Allah ka ƙyale hitar nan.

Taka,
Tahiratu

Tompkinsville
Lahadi, 4 ga Mayu

Hajiya,

Assalamu alaikum. Yau Lahadi, jiki ba laifi, na sauka har ƙasa na hau ba tare da na tsaya ba sai sau ɗaya.

Liman ya zo da safe da albishir: ofishin birni ya aiko masa cewa za a sabunta izinin gidan na shekara biyu. Mutanen sun kwance kayansu. Mai jegon nan ta aiko mini da shinkafa da miyar gyaɗa, kwano biyu, wai ɗaya nawa ɗaya na baƙona. Ban san wa ya gaya mata ba.

Na yi wanka, na sa riga, na dafa shayi. Na zauna a bakin taga tun azahar, duk motar da ta rage gudu sai na miƙe. Ban yi da-na-sani ba, ki rubuta wannan ki ajiye. Mutum talatin da ɗaya suna da wurin kwana, kuma in aka sake kirana gobe zan tashi in sake faɗa.

Ki gaida yara.

Yayanki,
Uwaisu

Ƙarin bayani: Wayata ta haska tana nuna lokacin salla, magariba ta yi. Bai zo ba. Na rufe masa nasa kwanon na sa a firij.